Kalmar 'domain': Daga gidan Rumawa zuwa adireshin intanet

'Domain' kalma ce ta Ingilishi da ke nufin yankin da ke ƙarƙashin ikon wani, ko fagen da mutum yake da ta cewa a cikinsa. Ana furta ta da ƙarfafa gaɓar ƙarshe, kusan kamar a ce "domen". Ba ta da takwara guda a Hausa. Gwargwadon inda ta faɗo, tana iya zama ƙasa, masarauta, fanni ko sunan shafi a intanet. Wadda ta fi kusa da ita ita ce "hurumi", domin ita ma ta haɗa ma'anar fili da ta iko, kamar yadda ake cewa abu kaza ba hurumin wane ba ne.

Tushenta yana cikin Latin, harshen Rumawan dā. A can 'domus' shi ne gida, 'dominus' maigida, 'dominium' kuwa mallakar da maigidan yake da ita a kan abin da ke hannunsa. Faransanci ya gaji kalmar ya mayar da ita 'domaine', daga nan Ingilishi ya are ta, ta kuma kafu a cikinsa wajen shekarar 1600 da ma'anar ƙasar da wani ke mulka. Tana da 'yar'uwa da ta riga ta shiga Ingilishi, wato 'demesne', gonar da mai sarauta ke riƙe wa kansa ba tare da ya raba wa talakawa ba. Bahaushe zai gane ta nan take: gandun sarki ke nan. Wannan tsohuwar ma'ana ta mulki tana nan da ranta a jaridun Turanci na Najeriya, inda ake kiran ƙasar da sarki ko hakimi ke riƙe da ita 'domain' ɗinsa.

Malaman lissafi da na ilimin halittu suna da nasu amfanin da kalmar, amma a harshen shari'a ne ta fi shafar aljihun mutane, kuma a nan ake ganin cewa mallakar da take nufi tana da iyaka. 'Eminent domain' shi ne ikon hukuma na karɓe filin mutum saboda amfanin jama'a tare da biyan diyya. Masanin shari'a ɗan ƙasar Holan, Hugo Grotius, ya yi amfani da siffarta ta Latin a littafinsa na 1625, kuma a Amurka aka fi jin ta a yau. A Najeriya makamancin wannan iko yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta ba gwamna damar soke izinin zama a fili idan maslahar jama'a ta buƙaci haka. 'Public domain' kuma shi ne matsayin aikin da ya fita daga hannun mai shi ya zama na kowa; a dokar Najeriya littafi yakan kai wannan matsayi shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Akwai masu zaton duk abin da aka gani a intanet ya zama na kowa. Wannan kuskure ne: hoto yana iya yawo a wayoyi dubu alhali haƙƙinsa yana hannun wanda ya ɗauka.

Ma'anar da ta fi yawo yanzu ita ce ta intanet. Kwamfutoci da lambobi suke gane juna, lambobin kuwa suna da wuyar riƙewa a ka. A 1983 wani injiniya Ba'amurke, Paul Mockapetris, ya tsara hanyar haɗa kowace lamba da suna mai sauƙi, aka kira sunan 'domain name'. Sunan farko mai ƙarewa da .com, wato symbolics.com, an yi masa rajista ranar 15 ga Maris, 1985. Ƙasashe suna da nasu haruffa biyu: .ng ga Najeriya, .ne ga Nijar, .gh ga Ghana. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da .ng.

Abin lura shi ne, duk da kalmar ta fito daga mallaka, ba a sayen irin wannan suna dungurungum. Haya ce, kamar ta rumfar kasuwa, ana sabuntawa shekara-shekara. Ɗan kasuwar da ya bar wa'adi ya wuce yana iya wayar gari ya tarar wani ya yi rajistar sunan, adireshin imel ɗinsa ya tafi tare da shi, katunansa da allon shagonsa kuma suna tura abokan ciniki wajen baƙo. Haka ma wanda ya bar yaron da ya gina masa shafi ya yi rajistar da sunan kansa: a takarda, yaron ne mai hayar.

Ga ma'aikaci da mai neman aiki, ƙarshen sunan yana da muhimmanci. An keɓe .gov.ng ga hukumomin gwamnati, ba kowa ke samunsa ba, alhali .com ko .org kowa na iya yin rajistarsa cikin 'yan mintuna. Shi ya sa masu damfara da sunan ɗaukar aiki sukan kwaikwayi tambarin hukuma da launinta daidai wa daida, amma adireshin da ke saman shafin ya ƙare da wasu haruffa dabam.