'Yan Daudu a Fim: Ana Ganinsu, Ba a Jin Ta Bakinsu

'Yan daudu sun girmi fim ɗin Hausa nesa ba kusa ba. Tun kafin kamara ta shigo, an san su a tashoshin mota da bakin kasuwa da gidajen mata masu zaman kansu, daga Kano zuwa Sakkwato, daga Maraɗi zuwa Birnin Ƙonni. Ɗan daudu na zaune gaban kasko, zane a ƙirji, yana juya kaji a mai, yana jefa wa abokin sana'a habaici da muryar mata, matafiya na cin abinci suna dariya. Da yawansu na da aure da 'ya'ya, kuma ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba, ko da yake jama'a kan haɗa biyun a kwando ɗaya. Masana sun danganta su da bori, musamman Ɗan Galadima, iskan nan mai son ado da kyauta. Bori kuwa ya yi ƙarfi a ƙasar Adar, har Bafaranshiya Nicole Echard ta wallafa littafi a kan borin yankin a 1989.

Finafinan bidiyo na Hausa sun soma ne a Kano da Turmin Danya a 1990. Cikin shekaru kaɗan kasa-kasai suka tsallaka iyaka ta Illela da Ƙonni, suka cika gidajen kallo na garuruwan jihar Tawa. Ɗan daudu ya samu gurbi a waɗannan finafinai, amma gurbin barkwanci. Fim ɗin da aka fi tunawa shi ne Ibro Ɗan Daudu, na marigayi Rabilu Musa, wanda ya rasu a 2014. Rangwaɗa da tafa hannu da fari da ido su ne jarin irin wannan wasa. Ba a tambayar yadda mutumin ya taso, ko abin da ya faru ranar da mahaifinsa ya kore shi daga gida. Wanda ya zauna ya saurare su da kunnen basira shi ne Ba'amurke Rudolf Gaudio, da ya yi bincike a Kano ya fitar da littafinsa a 2009, sai dai da Turanci, harshen da akasarin mutanen da aka rubuta a kansu ba sa karantawa.

Fim ɗin farko a Afirka ta Yamma da ya ɗora labarin son jinsi ɗaya a bakin matashin da abin ya shafa daga Gini ya fito. Dakan, na Mohamed Camara, an nuna shi a bikin Kan na Faransa a 1997. Labarin ɗalibai maza biyu ne masu son juna, Manga da Sori. Manga ya faɗa wa mahaifiyarsa abin da ke ransa, ita kuma ta ɗauka ciwo ne, ta kai shi wurin masu magani, aka yi ta wanka da tsubbu. Shi kuwa Sori, mahaifinsa mai dukiya ya tura shi ga aure. Ƙarfin fim ɗin yana wurin uwar, domin ba a mayar da ita muguwa ba: mace ce mai ɗa ɗaya, tana son jika, tana tsoron bakin duniya. Camara ya sha wuya kafin ya kammala, don gwamnatin ƙasarsa ta janye tallafinta da ta gane inda labarin ya dosa.

Daga baya gajerun finafinai suka karɓi ragama, saboda ba sa cin kuɗi da yawa kuma intanet na kai su inda silima ba za ta yarda ba. A Kenya, Jim Chuchu da abokan aikinsa sun tattara labaran gaskiya na matasa suka fitar da guda biyar a fim ɗaya mai suna Stories of Our Lives a 2014, hukumar tace finafinai ta haramta shi a shekarar. Rafiki, na Wanuri Kahiu, shi ma an hana shi a 2018, sai da kotu ta ba shi kwana bakwai kacal a silima. A kudancin Najeriya an yi Hell or High Water a 2016, kan wani matashin fasto da iyalinsa suka kai a cire masa aljanu, sannan Ìfé a 2020, kan 'yan mata biyu a Legas, wanda aka saki ta intanet.

A ƙasar Hausa ƙofa sai ƙara rufewa take yi. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, an kafa hukumar tace finafinai ta jihar a 2001. A 2007 an kama maza 18 a Bauchi bisa zargin shigar mata. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi, shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu ko mara musu baya. Nijar ta daɗe ba ta da doka irin wannan, amma a Janairun 2023 Shugaba Mohamed Bazoum ya bayyana niyyar sanya hukunci a sabon kundin laifuffuka.

Malaman addini da mafi yawan jama'a suna kan bakansu na haramci, kuma wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Amma haramci daban, jifa da duka da korar yaro zuwa tasha daban, kuma waɗannan ne finafinan Gini da Kenya da Legas suka ajiye wa tarihi. A 2024 hukumar tace finafinai ta Kano ta hana nuna daudu a fim baki ɗaya, tare da daba. Ta haka ɗan daudu ya bar allon Kannywood bayan shekaru yana ba da dariya, ba tare da manyan finafinanta sun taɓa ba shi dama ya faɗi nasa labarin ba.