Ruwan da Ya Ƙi Hawa Tudu: Sake Duba Tarihin Ginin Fadar Barsai, 1661–1689

Tsakure

Maƙalar nan ta ƙalubalanci ra'ayin da ya yi kaka-gida a rubuce-rubuce kan fadar Barsai ta Faransa, cewa ginin shaida ne na yadda Sarki Luwis na 14 ya tanƙwara ƙasa da ruwa suka bi umarninsa. An jera ayyukan kawo ruwa bisa shekarunsu, an gwada su da ayyukan gini. Abin da ya fito shi ne, manyan ayyuka biyun da suka yi suna ba su biya buƙata ba, kuma ruwan sama da aka tara a tafkuna shi ya riƙe lambun sarki.

Gabatarwa

Fadar Barsai, wadda Faransawa ke rubutawa Versailles, tana kimanin kilomita 20 kudu maso yammacin Faris. Asalinta masaukin farauta ne da Luwis na 13 ya fara a 1623, daga baya Philibert Le Roy ya sake gina shi da jan bulo da dutse tsakanin 1631 da 1634. Ɗan Luwis na 13, wato Luwis na 14, ya kama ragamar mulki da kansa a 1661 bayan rasuwar babban ministansa Mazarin. A shekarar ya sa aka kama ministan kuɗi Nicolas Fouquet, sannan ya juyo da mutane ukun da suka ƙawata wa Fouquet gidansa na Vaux-le-Vicomte zuwa Barsai: Le Vau mai tsara gini, Le Brun mai zane, da Le Nôtre mai tsara lambu. Daga 1668 Le Vau ya lulluɓe tsohon masaukin da sabon gini ta ɓangarori uku. Jules Hardouin-Mansart ya karɓi aikin a 1678, shi ya yi Zauren Madubai da dogayen sassan kudu da arewa. Ranar 6 ga Mayu, 1682, sarki ya tare da fadawansa da gwamnatinsa, alhali magina ba su sauko daga kan bango ba.

Duk wannan sananne ne. Tambayar da ta kawo mu ita ce: wurin da ba shi da kogi, ta ina ya sami ruwan da maɓuɓɓugan adonsa ke fesawa?

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Ba za mu daɗe a kan Norbert Elias ba. Littafinsa kan zaman fada, wanda ya fito a 1969, ya yaɗa ra'ayin cewa sarki ya tara masu sarauta a Barsai ne don ya karya lagonsu bayan tawayen Fronde na 1648 zuwa 1653. William Beik a 1985, Roger Mettam a 1988, da Jeroen Duindam a 1995 sun riga sun nuna cewa mulkin Luwis ya dogara ga cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakaninsa da manyan ƙasa fiye da yadda Elias ya ɗauka. An gama wannan muhawarar, ko kusa da haka.

Inda muke da ja shi ne a kan wani ra'ayi da ya fi wancan tsufa, wanda har yau ba a taɓa shi sosai ba. Tushensa Saint-Simon ne, ɗaya daga cikin fadawan Luwis. A cikin tarihin rayuwarsa ya kushe wurin da cewa ba shi da ruwa, ba shi da itatuwa, ƙasarsa rairayi ce da fadama, ya kuma zargi sarki da jin daɗin yi wa halitta mulkin danniya. Saint-Simon ya faɗi haka ne don suka, amma waɗanda suka biyo bayansa sun ɗauki maganar suka mai da ita kirari. Ko da suka ko da yabo, ɓangarorin biyu sun yarda da abu guda, wato sarki ya yi galaba. Ya kamata a tuna cewa an haifi Saint-Simon a 1675. Yana ɗan shekara goma aka fara haƙar hanyar jawo ruwan kogin Eure zuwa Barsai, kuma ya rubuta littafin nasa ne shekaru da dama bayan mutuwar sarkin da yake jin haushi. Shaidarsa kan yadda fadawa ke kallon-kallo ba ta da na biyu. Kan bututu da tafki kuwa, ji ya yi.

Wadda ta ba wannan ra'ayi rigar ilimi ita ce Chandra Mukerji, a littafinta na 1997 kan lambunan Barsai. Hujjarta ita ce lambun wani ɗan ƙaramin hoto ne na Faransa, inda aka nuna ikon gwamnati a kan ƙasa da dabarun da sojoji ke gina ganuwa da su. Game da tudun da aka rushe da fadamar da aka cike, maganarta ta zauna daram. Ba ta kuma jahilci wahalar ruwa ba. Sai dai nauyin nazarinta yana kan abin da aka shirya baƙo ya gani, mu kuwa muna ganin abin da aka ɓoye masa ya fi ba da labari. Haka Peter Burke, wanda ya bi diddigin yadda aka ƙera martabar Luwis a zane da lambobin girma a 1992: ya koya mana mu yi shakkar hoto, amma bai shiga ƙarƙashin ƙasa ba.

Hanyar Bincike

An dogara ga kundayen kuɗin gine-ginen sarki da Jules Guiffrey ya buga a mujalladi biyar tsakanin 1881 da 1901, tare da littafin yau da kullum na bafaden sarki Dangeau da wasiƙun Madame de Sévigné. Kowane aikin ruwa an yi masa tambaya uku: yaushe aka fara shi, an gama shi, kuma ina ruwansa ya ƙare?

Abin da Bincike Ya Nuna

Matsalar wurin ta ninka biyu. Barsai fadama ce mai ruwan kwance, mai kawo zazzaɓi, amma tana sama da kogin Seine da fiye da mita 100. Ruwa ya yi yawa inda ba a son sa, ya yi ƙaranci inda ake nema. A wasiƙar da ta rubuta a watan Oktoba na 1678, Madame de Sévigné ta ambaci yawan mutuwar leburori da yadda ake fitar da gawarwakinsu a amalanke da dare don kada sauran su tsorata.

Da farko tafkin Clagny da ke kusa aka riƙa ja da famfon da dawakai ke juyawa, ana tara ruwan a saman ginin kogon Thétis, daga nan ya gangara cikin lambu. Iyalin Francine, waɗanda asalinsu mutanen Florence ne, su ke riƙe da wannan aiki. An ƙara da injinan iska da ke ɗebo ruwan ƙoramar Bièvre, har da dabarar mayar da ruwan da aka riga aka fesa. Duk lokacin da Le Nôtre ya ƙara sabuwar maɓuɓɓuga, lissafi ya sake rushewa. A 1674 Pierre-Paul Riquet, mai haƙar mashigin ruwan Midi, ya kawo shawarar a jawo kogin Loire. Colbert, mai riƙe da ofishin gine-ginen sarki, ya tura Jean Picard, masanin taurari, ya auna tudu da gangare da ma'aunin da ya ɗora wa tabarau mai hangen nesa. Awon ya nuna ruwan ba zai iya hawowa ba, aka binne maganar kafin a kashe ko sisi a haƙa.

Sai ayyuka biyun da kowane littafi ke kawo hotonsu. Na farko injin Marly ne, wanda Arnold de Ville da kafinta Rennequin Sualem, mutanen yankin Liège, suka kafa a bakin Seine tsakanin 1681 da 1684. Ƙafafun katako 14, kowace faɗinta ya kai kimanin mita 12, suna juya famfuna fiye da 250, suna tura ruwa sama kimanin mita 160 a zango uku zuwa gadar ruwa ta Louveciennes. Sandunan ƙarfe ne ke kai motsin ƙafafun zuwa famfunan da ke kan tudu, suna kai da komowa dare da rana da ƙarar da ta hana maƙwabta barci. Gogayya tana cinye ƙarfin, katako yana ruɓewa, ma'aikata kusan 60 ba su da aiki sai gyara. Ruwan da ya bayar bai kai abin da aka sa rai ba, kuma ba da jimawa ba aka karkatar da mafi yawansa zuwa sabon gidan hutun sarki da ke Marly. Injin ya rayu har 1817, amma a matsayin mai shayar da lambun Barsai rawarsa ƙarama ce.

Na biyu ya fi muni. Bayan mutuwar Colbert a 1683, Louvois, ministan yaƙi, ya gaji ofishin gine-gine, ya kuma zo da halin soja. Philippe de La Hire ya auna ya gano kogin Eure a Pontgouin ya ɗara Barsai tudu, saboda haka aka yanke a haƙa hanyar ruwa ta kimanin kilomita 80. An fara a 1685 ƙarƙashin injiniyan soja Vauban, da mutane wajen 30,000, mafi yawansu sojoji. A kwarin Maintenon an tsara gadar ruwa mai hawa uku. Hawa ɗaya aka yi, mai baka 47. Zazzaɓi ya yi ta ɗibar sojoji, sannan yaƙin da ya ɓarke a 1688 ya kwashe sauran zuwa bakin daga. Ko ɗigo ɗaya na Eure bai isa Barsai ba. A watan Disamba na 1689 sarki ya sa aka narkar da kayan ɗakinsa na azurfa don biyan kuɗin yaƙi, kuma ba a sake komawa Maintenon ba. A gwada da Zauren Madubai: tsawon mita 73, madubai 357, an fara 1678 an gama 1684. Abin da kuɗi da yawan hannu ke iya yi, an yi shi cikin shekara shida. Dangeau ya rubuta a 1685 cewa masu aiki a Barsai da kewayenta sun haura 36,000. Yawan nan bai ɗaga ruwa ko taƙi ɗaya ba.

To me ya riƙe lambun? Amsar tana cikin awon Picard, a ɓangaren da ba a cika ambata ba. Yayin da yake rushe shawarar Riquet, ya lura cewa filayen Trappes da Bois-d'Arcy, nan kusa, sun fi matattarar ruwan fada tudu. Ƙasar wurin yumɓu ce mai riƙe ruwa, manoma na kuka da ita. Idan aka tsaga ƙananan magudanai a gonaki suka tattara ruwan sama zuwa tafkunan da aka yi wa madatsa, ruwan zai gangaro da ƙafarsa, ba doki, ba famfo. Haka aka yi. Daga 1680 Thomas Gobert ya faɗaɗa dabarar zuwa filin Saclay, aka gina gadar ruwa ta Buc mai tsawon mita 580 tsakanin 1684 da 1686 don ƙetare kwarin Bièvre, aka ci gaba da jona tafkuna har wajen Rambouillet. Tsawon magudanan ya haura kilomita 100. Aikin ba shi da abin kallo: rami ne mai zurfin da bai taka kara ya karya ba, gangarensa kaɗan ne ƙwarai har ido ba ya gani, kuma kuskuren awo na ɗan yatsa ya isa ya sa ruwa ya tsaya cik. Shi ya sa mai awon ƙasa ya fi injiniyan famfo muhimmanci a wannan tarihi, kuma shi ya sa, a ganinmu, sunan Picard ya cancanci zama kusa da na Le Nôtre. Wata riba da ba a nema ba ita ce gonakin da aka tsane wa ruwa sun gyaru.

Amma ruwan sama yana da iyaka, kuma sarki ya san da haka. Ba a iya kunna maɓuɓɓugan duka kullum. Idan sarki ya fito zagaya lambu, ma'aikatan ruwa suna rarrabe a bayan shingayen itatuwa, kowa riƙe da dogon mabuɗin ƙarfe. Da ya doso, sai a busa usur, wanda ke gaba ya murɗa ya buɗe, wanda aka wuce ya rufe nasa. Kamar mai gida ne da ke da fitila ɗaya, yana bin baƙo da ita ɗaki-ɗaki. Da wannan ido ya kamata a sake karanta ɗan littafin da Luwis ya tsara da kansa kan yadda za a nuna wa baƙi lambun, wanda ya yi ta gyarawa daga 1689. Ya ƙayyade inda za a bi, inda za a tsaya, da inda za a juya a duba. An saba fassara shi da son iko ko ƙwarewar ido, kuma duka biyun suna ciki. Mu muna ƙara cewa baƙon da ke bin hanya ɗaya sananna shi ne baƙon da za a iya buɗe wa ruwa a gabansa a rufe a bayansa. Shekarar da aka fara rubutun, shekara guda ce bayan watsewar aikin Eure. Mukerji ta ga iko a kan ƙasa. Abin da jerin shekarun ke nunawa shi ne sarkin da ya gwada ƙarfi sau biyu bai ci ba, ya dawo yana tsimin abin da damina ta ba shi.

Iyakokin Binciken

Dole a ambaci wasu abubuwa, ko da ba su girgiza hujjar ba. Kundayen Guiffrey na kuɗi ne; suna faɗin abin da aka biya ɗan kwangila, ba sa faɗin yawan ruwan da ya fito a bututu, kuma albashin sojojin da suka yi haƙa ba duka ya bi ta ofishin gine-gine ba. Alaƙar littafin zagaya lambu da ƙarancin ruwa fassararmu ce, sarki bai rubuta dalilinsa ba. Ba mu taɓa batun ruwan sha ba, domin ruwan tafkuna ba ya shayuwa, na teburin sarki daga idanun ruwa irin na Ville-d'Avray ake kawo shi, kuma wannan bincike ne mai zaman kansa. Wanda zai ce injin Marly ya taka rawar da ta fi wadda muka ba shi, sai ya fara da nuna shekarun da ruwansa ya shiga matattarar ruwa ta Montbauron a Barsai, da kuma yawansa a kowace shekara.