Kafuwar Mafakar Tsuntsaye ta Dagona da Aikin Kare Fadamun Haɗeja da Nguru

Fadamun Haɗeja da Nguru suna shimfiɗe ne a jihohin Jigawa da Yobe, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke rarrabuwa cikin tudun yashi kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe, mai gangarawa Tafkin Cadi. Ambaliyar damina takan bar tafkuna da ƙoramu har cikin rani. A nan agwagin daji masu gudun sanyin Turai suke sauka bayan sun ƙetare Sahara, su tarar da 'yan gida irin su dinya, kirinjijiya, zalɓe da gauraka.

Kafa hukumar da za ta kula da wurin ya biyo bayan raguwar ruwa. An kammala madatsar Tiga, mai tare ruwa kafin ya iso fadamun, a 1974, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980, sai ambaliya ta ja baya. A 1987 aka kafa Shirin Kare Fadamun Haɗeja da Nguru, da mazauninsa a garin Nguru. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, da ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN, da Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, NCF, suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyinsa. Da farko tsuntsaye ne a gabansu: ƙidaya a watan Janairu, lokacin da baƙin suka fi cika, da wayar da kan mafarauta.

Tafkin Dagona, a ƙasar Bade, shi ya zama fuskar aikin. An keɓe shi aka hana farauta, kuma a 1989 Yarima Filib na Ingila, wanda yake shugabantar asusun kare namun daji na duniya, WWF, a lokacin, ya kai ziyara. Da aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi a 1991, Dagona ta shiga ɓangarensa na Bade da Nguru. Mai son kallo yakan sammako da madubin hangen nesa, ɗan jagora ya kai shi gaɓa, tun kafin garken agwagi ya tashi kiwo.

Ba a daɗe ba ma'aikatan suka gane cewa gadi kaɗai ba ya riƙe tsuntsu. Ruwa ne yake riƙe shi. Ruwan nan kuwa shi manomin shinkafa yake jira, shi masunci da makiyayi suke jira. Saboda haka shirin ya karkata ga auna ruwa da neman a riƙa sakin sa daga madatsu a kan kari, musamman bayan kammala ta Challawa a 1992. Binciken da aka yi ƙarƙashinsa ya nuna cewa amfanin da ruwa yake bayarwa a fadama, idan aka haɗa noma da su da itace, ya fi wanda yake bayarwa a manyan gonakin ban-ruwa na sama. Wannan ce gudunmawarsa mafi nauyi, ko da yake masu rabon ruwa ba su cika aiki da ita ba.

A 2000 Tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin Ramsar, yarjejeniyar duniya ta kare fadamu. Dagona da fadamar Baturiya suka biyo baya a 2008. Babbar matsalar yau ita ce ciyawar kacalla, wadda ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu ɓarnar hatsi.