Shekarar 1902 a Abuja da Filifin

A 1902 sojojin Ingila suka ci tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, aka kashe Sarki Ibrahim. A shekarar ce Shugaba Roosevelt ya shelanta ƙarshen yaƙin Amurka a Filifin, tsibiran da ta karɓa daga Sifaniya a 1898 kan dala miliyan 20.

Musulmin kudancin Filifin, 'yan Moro, ba su miƙa wuya ba. A watan Maris na 1906 sojojin Janar Leonard Wood suka hau dutsen Bud Dajo a tsibirin Jolo, suka hallaka ɗaruruwan mutane, har da mata da yara. Kisan gilla ne tsagwaronsa. A watan ne kuma dakarun Ingila na Gwamna Lugga suka shafe Satiru, kusa da Sakkwato.