Tsanin ƙwallon Najeriya, daga filin unguwa zuwa Firimiya

Duk yammacin duniya filayen Samaru, Jama'a da Sabon Gari cike suke da yara masu atisaye, kowa da burin buga Firimiya. Amma ka tsayar da ɗaya ka ce hawa nawa ne tsakaninsa da can, sai ya hau sosa ƙeya.

Kafin 1972 babu lig na ƙasa. Kofi ne kawai, wanda aka fara a 1945 da sunan Kofin Gwamna, daga baya ya koma Kofin Ƙalubale, kuma Kano ce ta fara fitar da shi daga Legas a 1953. Da aka kafa lig a 1972 da ƙungiyoyi 6, Mighty Jets ta Jos ce ta ɗauka, Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka a 1978. Sai a 1990 aka mayar da shi na ƙwararru, shekarar da aka haifi Kano Pillars ke nan.

Yau hawa uku ne. Sama NPFL mai kulob 20, huɗun ƙarshe su faɗo. Tsakiya NNL, wadda 'yan kallo ke wa laƙabi da gasar 'yan dagaji. Ƙasa kuma NLO, sai gasannin jihohi a gindinta.

To abin lura, daga NNL zuwa ƙasa an raba gasar shiyya-shiyya, Arewa daban Kudu daban, kowace da rukunoninta. Dalilin ba wani ba ne, kuɗin mota ne. Kulob ɗin gwamnatin jiha zai iya zuwa Fatakwal ya dawo. Na unguwa fa, wanda wani ɗan kasuwa ke riƙe da shi daga aljihunsa, 'yan wasansa wani tela wani ɗan acaɓa wani ɗalibi? Shi ya sa a ƙasan ake yawan tara ƙungiyoyi gari ɗaya, su buga a 'yan kwanaki, na kan tebur ya haura. Akwai sauƙi, gaskiya. Sai dai wahalar shekara guda ta rataya ke nan a kan wasa uku ko huɗu, kuma ba kyamara ba 'yan jarida.

Ku tuna Bauchi, Yulin 2013. Plateau United Feeders da Police Machine sun yi kunnen doki a maki, yawan ƙwallaye ne zai raba wanda zai hau Nationwide. A rana ɗaya Feeders ta ci Akurba 79-0, Police Machine ta ci Babayaro 67-0. Wallahi ba kuskuren rubutu ba ne. Hutun rabin lokaci fa 7-0 da 6-0 aka tafi, sauran duk a zagaye na biyu aka zuba su! Duniya ta yi mana dariya, NFF ta dakatar da kulob huɗun shekara 10, ta kori 'yan wasan daga ƙwallo har abada. Mai kulob sai ya koma kasuwarsa, yaron da ya bar koyon sana'a don wannan wasa shi aka bari a rana.

Tsanin na ɗaukar mutum in an riƙe shi da kyau. Daniel Amokachi daga Ranchers Bees ta Kaduna ya fita, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1988. Kaduna United ta doke Enyimba a bugun fenariti ta ɗau kofin ƙasa a 2010. El-Kanemi ma tana ajin 'yan dagaji ta ɗau wannan kofin a 2024.

Ni dai abin da ke damuna iyaye ne. Yaro ya ce ya samu kulob, a ba shi kuɗin takalmi, babu mai tambayar komai. Ku tambaya mana: kulob ɗin na da rajista da hukumar ƙwallo ta jihar Kaduna? Wace gasa yake bugawa, a wane rukuni? In yaron ya karye a fili, wa zai biya asibiti?