Ciwon fargaba: Yadda jinya ta hanyar tattaunawa take aiki, da abin da ya sa take wuyar samu a Najeriya

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a faɗin duniya, lamarin da ya sa ya zama larurar ƙwaƙwalwa mafi yawaita tsakanin bil'adama. Hukumar ta ce kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne kawai na masu buƙatar magani ke samun sa, duk da cewa akwai hanyoyin jinya da aka tabbatar da ingancinsu. Babba daga cikinsu ba ta buƙatar allura ko ƙwaya. Zama ake yi da ƙwararre, a tattauna bisa tsari, a koya wa mara lafiya yadda zai tunkari abin da yake gudu.

A Najeriya, inda likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, samun wannan jinya ya dogara ne a kan garin da mutum yake zaune da kuma nauyin aljihunsa.

Mene ne ciwon fargaba?

Tsoro halitta ne, kuma yana da amfani. Idan mutum ya hangi haɗari, wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala yakan zaburar da jiki, sinadarin adiranalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, domin a gudu ko a kare kai. Ciwo yakan fara ne idan wannan ƙararrawa ta riƙa kaɗawa alhali babu haɗari, ko ta ƙi yin shiru bayan haɗarin ya wuce. Hausawa sun daɗe da lura da haka, shi ya sa suke cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Likitoci sun kasa ciwon gida-gida. Akwai zullumi na yau da gobe, inda mutum zai shafe wata shida ko fiye yana saƙa mugun zato a kan lafiyarsa, iyalinsa ko sana'arsa, ya kasa tsayar da tunanin, barci ya ƙaurace masa, kafaɗu da wuya su ɗaure. Akwai firgici na farat ɗaya, wanda yakan kai ƙololuwa cikin 'yan mintuna: ƙirji ya yi nauyi, gumi ya karyo, mutum ya sakankance cewa mutuwa ce ta zo. Akwai tsoron shiga jama'a, da kuma tsoron wani abu guda, kamar allura ko hawa jirgi.

Da yake alamun a jiki suke bayyana, mutane da yawa sukan fara da neman maganin ciwon zuciya ko gyambon ciki, wasu kuma su danganta abin da iskokai ko sammu. Gwajin asibiti yana da muhimmanci tun farko, domin ciwon ƙwayar tayirod da ke maƙogwaro yana kawo irin waɗannan alamu, haka ma yawan cin goro da shan kofi ko lemukan ƙara kuzari.

Yadda gudu yake ciyar da tsoro

A ɗauki misalin ɗalibin jami'a da firgici ya kama a cikin ɗakin lacca mai cunkoso. Ya fita waje, ya ji sauƙi. Washegari ya zauna a bakin ƙofa, mako na gaba ya daina zuwa. Duk lokacin da ya kauce, sauƙin da yake ji nan take yakan koya wa ƙwaƙwalwarsa cewa guduwar ce ta cece shi, don haka ba ta taɓa samun damar gano cewa da ya zauna, bugun zuciyar zai lafa da kansa. Daga ɗakin lacca sai abin ya kai ga kasuwa, ya kai ga motar haya, har duniyarsa ta ƙuntata ta koma ɗaki guda.

Wannan zagaye ne jinyar tattaunawa take nufin karyawa. Hanyar da ta fi samun goyon bayan bincike ita ce jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda aka fi sani da CBT a taƙaice. Likitan Amurka Aaron Beck ne ya assasa ɓangaren tunani a shekarun 1960 a Jami'ar Pennsylvania, bayan ya lura cewa marasa lafiyarsa suna da wasu tunane-tunane masu faɗowa kai tsaye, waɗanda suke ɗauka gaskiya ba tare da sun auna su ba. Kafin shi, a shekarun 1950, Joseph Wolpe na Afirka ta Kudu ya nuna cewa ana rage tsoro ta hanyar kusantar abin tsoron mataki-mataki.

Tunanin ya girmi su duka biyun. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, ya ware babuka a kan tsoro, baƙin ciki da waswasi a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus. Ya shawarci mutum da ya tanadi kyawawan tunani a lokacin natsuwa kamar yadda ake ajiye magani a gida, ya kuma bayyana cewa yawan haɗuwa da abin tsoro yana rage kaifinsa. Masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, Malik Badri, ya fassara wannan sashe zuwa Turanci.

Abin da ake yi a ɗakin jinya

Zaman farko na sauraro ne. Ƙwararren zai tambayi yaushe abin ya fara, me ke tayar da shi, da kuma abubuwan da mutum ya daina yi saboda shi. Sau da yawa akan yi amfani da wata takarda mai tambayoyi bakwai, GAD-7, wadda ke auna halin da mutum ya kasance a makonni biyu da suka gabata, a riƙa maimaita ta domin a ga ko ana samun ci gaba. Ƙa'idar aikin ta wajabta riƙe sirri, sai fa idan rai yana cikin haɗari.

Daga nan sai a koma kan tunani. Ɗalibin zai rubuta abin da ya faɗo masa a rai lokacin da zuciyarsa ta fara bugu, misali cewa zai faɗi a gaban mutane su yi masa dariya. Sai a tambaye shi hujja: sau nawa firgicin ya kama shi, sau nawa ya taɓa faɗuwa, in ma ya faɗi, me abokan karatunsa za su yi? Ƙwararren ba ya rarrashi da cewa komai zai yi daidai, domin rarrashi yakan kwantar da hankali na ɗan lokaci ne, tsoron ya dawo. Yana koya wa mutum ya auna zatonsa kamar yadda alƙali ke auna shaida.

Mataki na gaba shi ne mafi wuya, kuma shi ne ƙashin bayan jinyar. Su biyun za su jera abubuwan tsoro kamar matakala, daga mafi sauƙi zuwa mafi tsanani. Yau ɗalibin zai tsaya a harabar ɗakin lacca na minti goma, gobe ya zauna a layin baya, wata rana ya zauna a tsakiya har a tashi. Ba ya hawa mataki na gaba sai na ƙasa ya daina razana shi. Mai tsoron bugun zuciya kuwa akan sa shi ya hau bene da gudu, domin ya ji bugun ya kuma ga ya lafa ba tare da wata illa ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Ana kuma koyar da jan numfashi a hankali, sassauta jijiyoyi da gyaran lokacin barci. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawarar zama 12 zuwa 15 na awa ɗaya a kowane mako ga mai zullumi na yau da gobe. Galibin aikin a gida ake yin sa tsakanin zama da zama, kuma abin da aka koya yakan ci gaba da amfani bayan an sallami mutum.

Matsayin ƙwayoyi

Idan ciwon ya yi tsanani, likita yakan haɗa da magunguna irin su sertraline ko fluoxetine, waɗanda ke ɗaukar makonni kafin a ga tasirinsu. Diazepam, wanda aka fi sani da Valium, yana kwantar da jiki nan take, amma jiki yakan saba da shi har ya zama jaraba, shi ya sa ba a so a daɗe ana shan sa. Sayen sa a kemis ba tare da takardar likita ba yakan ƙara wa mai fargaba ciwo na biyu.

Inda jinyar take tsayawa

Ba kowane tsoro ne ciwo ba. Manomin da ke ƙauyen da 'yan bindiga ke kai wa hari, in ya kasa barci da ya ji ƙarar babura, hankalinsa na aiki ne yadda ya kamata, kuma tsaro yake buƙata daga hukuma. Aikin ƙwararre shi ne ya taimaka a bambance tsakanin taka-tsantsan da tsoron da ya wuce gona da iri. Waɗanda suka tsira daga garkuwa, kamar fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka kai wa hari ranar 28 ga Maris, 2022, na iya buƙatar jinya ta musamman ta ciwon razana, wadda ke bin abin da ya faru a hankali har tunawa da shi ya daina tayar da jiki.

Ina ƙwararrun suke?

A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Maiduguri, Kware ta jihar Sakkwato da Dawanau ta Kano, sai sassan da ke asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Kusan dukkansu a manyan birane suke ko kewayensu, kuma masana halayyar ɗan Adam da ke gudanar da jinyar tattaunawa sun yi ƙaranci ƙwarai. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar daga aljihun jama'a yake fitowa, don haka zama goma sha biyu ya fi ƙarfin talaka.

Ƙasashe marasa ƙarfi sun nuna cewa ba lallai sai an jira likitoci ba. A Harare ta Zimbabwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da dattijan mata su riƙa zama da masu damuwa a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, suna bi da su matakan warware matsala cikin zama shida. Binciken da mujallar JAMA ta wallafa a 2016 ya nuna cewa bayan wata shida, kimanin kashi 12 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da alamun fargaba, idan aka kwatanta da kashi 48 na waɗanda suka samu kulawar da aka saba. WHO ma tana da tsarin zama biyar, PM+, wanda aka gwada a Pakistan da Kenya. Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara jinyar marasa lafiya a cikin ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, tare da danginsu.

Abin da doka ta tanada

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mulkin mallaka ta 1958. Ta zo ne bayan samamen da 'yan sanda suka kai a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, inda aka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari, da rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na wannan shekara a kan ɗaure marasa lafiya da sarƙa. Dokar ta tanadi kafa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da asusu na musamman, da kare marasa lafiya daga wariya.

Aiwatar da ita kuwa magana ce ta kuɗi. A 2001 ƙasashen Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma har yanzu gwamnatin tarayya ba ta cika ba. Ƙananan asibitocin unguwa a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, saboda haka a majalisun dokokin jihohi ne ya kamata a tambayi nawa aka ware domin horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko, nawa aka saki, da ko inshorar lafiya ta jiha tana biyan kuɗin zaman jinya.

Ga wanda fargaba ta hana shi barci, karatu ko sana'a na tsawon makonni, matakin farko shi ne ganin likita a babban asibiti mafi kusa, a duba lafiyar jikinsa, sannan ya nemi a tura shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanda kuma tunanin halaka kansa ya fara zo masa, wannan lamari ne na gaggawa, kada ya kwana bai sanar da wani na kusa ba, a kai shi asibiti.