Daga zauren malam zuwa konkur ɗin Yamai: tarihin hanyar zama alƙali a ƙasarmu

Kwanan baya, bayan shirinmu kan rikicin gonaki, wani dattijo ya kira mu a waya. Ya ce ya je gaban juju kan gonar gado, ya yi bayani mai tsawo, tafinta ya juya shi da Faransanci a kalmomi kaɗan, shi kuma har ya fito bai san abin da aka faɗa da sunansa ba. Sai ya tambaye mu: wai wace irin jarrabawa ce ake yi kafin a zama alƙali, da ƴaƴanmu ba su cika ci ba? To, amsar tana da tarihi.

Kafin zuwan Nasara, a Damagaram da ƙasashen Sosebaki irin su Dungas da Waca, ba a zama a aji a rubuta jarrabawar alƙalanci. Yaro zai sauke Alƙur'ani, ya shiga littattafai a zauren malam: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, har ya kai Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wadda alƙalan mazhabar Malikiyya suka dogara da ita. Wasu sukan tafi Kano ko Katsina su ƙaro. Jarrabawar ita ce shaidar malaminka da shaidar gari. In sun gamsu, sarki ya naɗa maka rawani. Tsarin yana da nasa aibu, don sau da yawa alƙalanci gado ne na wasu gidaje, kuma alƙali yana ƙarƙashin fada. Amma da mai ƙara da mai hukunci harshe ɗaya suke ji.

A 1899 Faransawa suka ci Damagaram. Daga nan shari'a ta koma hannun kumandan. Shi ke shugabantar kotun ƴan ƙasa, malamai da hakimai na gefe a matsayin masu ba da shawara, tafinta na tsakiya. Ga kuma dokar nan ta andijena, wadda ta ba kumandan ikon tura mutum kaso ba tare da an yi shari'a ba, sai a 1946 aka soke ta. A wancan zamani babbar ƙofar ɗan lakwal ita ce konkur ɗin shiga makarantar William Ponty da ke Senegal, inda ake horar da malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan lafiya. Karatun shari'a kuwa sai Faransa. Can Lamine Guèye na Senegal ya samu digirin dakta a fannin shari'a a 1921, kuma irinsa ba su da yawa a duk Afirka ta Yamma. Jami'ar Dakar ma sai a 1957 ta tsaya da ƙafarta. Kun ga ke nan, ɗan Magarya na wancan lokaci ko ƙofar ba ya hangowa, balle ya ƙwanƙwasa. Ƙari kuma, a 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka kai Yamai, komai ya ƙara nisa.

Bayan samun ƴanci a 1960 ƙofar ta fara matsowa sannu a hankali. A 1963 aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan gwamnati, ENA, a Yamai. A 1971 aka kafa cibiyar karatu mai zurfi wadda ta zama jami'a a 1973, ita ce aka raɗa wa sunan Abdou Moumouni a 1992, kuma a cikinta aka buɗe sashen tattalin arziki da shari'a. Daga baya ENA ta zama ENAM, aka ɗora mata horar da alƙalai. A 2010 aka kafa jami'o'i a Damagaram, Maraɗi da Tawa, kuma ta Tawa tana da tsangayar shari'a. A ƙarshen 2012 aka yi babban taron ƙasa kan gyaran shari'a a Yamai, sai a 2015 aka kafa makaranta ta musamman, EFJN, don horar da alƙalai da sauran ma'aikatan kotu.

To yau yaya hanyar take? A Amurka akwai jarrabawar shiga makarantar lauyoyi, LSAT, tun 1948. Maƙwabtanmu na Babura da Maigatari kuwa JAMB suke rubutawa kafin jami'a, in sun gama su wuce makarantar lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda kusa da Kano. Mu namu tsarin na Faransa ne. Da bak ake shiga tsangayar shari'a, amma babban tankaɗen yana gaba: bayan shekarun jami'a, mai son zama alƙali sai ya ci konkur. Kuma konkur daban yake da jarrabawar aji. A aji in ka samu 10 bisa 20 ka wuce. A konkur gwamnati ke faɗin adadin gurabe, a jera mutane daga na ɗaya, inda gurbi ya ƙare nan aka ja layi. Kana iya yin ƙoƙari sosai ka faɗi, don kawai wani ya fi ka da rabin maki.

Waɗanda suka bi hanyar sun gaya mana yadda shirin yake. Wata da watanni ana bitar dokar farar hula, dokar hukunta laifuka da ƙa'idojin gudanar da shari'a. Ana haɗa ƙungiya ta mutum huɗu ko biyar, a nemo tambayoyin shekarun baya, a sa agogo a yi ta gwaji. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne tsarin rubutun: gabatarwa, kashi biyu, kowane kashi da rassa biyu, cikin Faransanci mai tsabta. Mutum na iya haddace doka kaf, amma in bai iya jera hujja haka ba, mai gyara ba zai saurara masa ba. Wanda ya tsallake rubutu kuma ya je ya tsaya gaban alƙalan jarrabawa ya amsa da baki.

Amma mu a ganinmu, ɗan ƙauyenmu tun kafin ya shiga ɗakin jarrabawa ake kayar da shi. Dosiye yana buƙatar takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, takardar da ke nuna ba a taɓa ɗaure ka ba, kuma akwai iyakar shekaru. Mun san wani yaro mai ƙwaƙwalwa da muka yi lise tare, wanda sunansa a takardar haihuwa daban, a takardar bak daban, harafi ɗaya tak. Kafin a gyara an rufe karɓar dosiye. Shekara ta tafi. Ga nisa: daga Magarya zuwa Damagaram kusan kilomita 90, daga can zuwa Yamai kusan 900, ga kuɗin mota, ga masauki, ga abinci. Ga kuma yaran da ake cirewa daga aji da damina ko a tura su ci-rani, da ƴan matan da ake aurarwa kafin su kai BEPC.

Me ya sa abin ya dame mu? Tun dokar 1962 kan tsarin kotuna, Nijar ta yarda a yi aiki da al'ada a batun aure, saki, gado da gonaki, tare da masana al'ada da ke zama kusa da alƙali. Dokar karkara ta 1993 ita ma ta ba sarakuna hurumin sasantawa kafin a je kotu. Wato yawancin abin da ke kai mutanenmu gaban juju, abu ne da sai wanda ya san jingina, aro, gandu da burtali zai fahimta da kyau. Ba mu ce sai ɗan gari ne zai yi adalci ba, alƙali na ƙasa ne duka, ko'ina ana iya tura shi. Amma yankin da ke cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar ya kamata a ga ƴaƴansa da yawa cikin masu sa baƙar riga. Kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Muna jiran ganin yadda hakan zai shiga ɗakin shari'a. Kafin nan dai, littattafan doka da Faransanci suke, kuma yaron da bai riƙe shi tun firamare ba zai sha wuya.

Saboda haka ga roƙonmu. Iyaye, a yi wa jariri takardar haihuwa tun cikin kwanakin suna, a duba rubutun sunan da kyau. Ƙungiyoyin ɗalibai na Magarya da Dungas da ke Yamai da Tawa, ku tara tsofaffin tambayoyi, ku zo da su lise lokacin hutu. Ƴan kasuwarmu, kuɗin motar ɗalibi ɗaya zuwa konkur bai kai ribar kasuwa ɗaya ba. Yayyenmu da suka riga suka zama alƙalai da lauyoyi, ƙofar gidan rediyo a buɗe take, ku zo ku faɗa wa ƙannenku yadda kuka yi.

Shi kuma dattijon da ya kira mu, mun tambaye shi ko yana da jika a lakwal. Ya ce akwai yarinya a aji shida. Muka ce Baba, a bar ta ta ci gaba. Allah ya ba yaranmu sa'a, ya ba ƙasarmu alƙalai masu tsoronsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.